Rubutu Mai Ƙaya

Shekara shida na yi ina buga takardu a wani ɗan shago kusa da ƙofar jami'a a Wudil. A kwamfutata akwai wani salon rubutu da na sa wa suna mai ƙaya: baƙi ƙirin, mai kauri, kowane harafi da tsini sama da ƙasa, sun matse juna kamar darnin kara. Ba a dogon bayani da shi, ido ba ya ɗauka. A saman takarda kawai ake sa shi, kan satifiket ko takardar yabo, sai ɗalibai 'yan burga da ke son a buga musu shi a bayan riga. In ka jera shi da manyan baƙaƙe zalla, ko malamin jami'a sai ya tsaya yana haɗa baƙi.

Wata Juma'a, ranar kasuwa, wani dattijo daga Darki ya shigo. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, ya nuna satifiket ɗin da na liƙa a bango.

"Irin wannan nake so a sama."

Na ce, "Alhaji, wannan ba ya karantuwa sosai."

Ya ce, "Ai ba karantawa nake so a yi ba."

Na gane nufinsa, amma na zauna na buga. SANARWAR ƘARSHE a sama da mai ƙaya, a ƙasa layi uku: mai noma gonar bakin rafi ya fita kafin damina. Babu sunan kotu, babu hatimi. Da haka na lallashi kaina cewa ba jabu na yi ba.

Bayan mako uku wata tsohuwa ta yi sallama, shagon cike da ɗalibai. Ta tambayi gida, ta tambayi aiki, sannan ta zaro takarda daga cikin leda, ta riƙe ta da bakin mayafi don kada yatsanta ya taɓa rubutun. Tun daga nesa na gane aikina.

Ta ce mijinta ya rasu bara, ƙanensa ne ya kawo mata wannan, wai daga sama ta zo. Gonar nan ita ke ciyar da ita da jikoki, har ta riga ta zuba taki. Duk wanda ta nuna wa a ƙauye sai ya ja da baya ya ce ba ruwansa, shi ya sa ta zo in duba mata.

Na ce, "Inna, wannan ba daga hukuma take ba."

"Ɗan nan, kada ka kwantar min da hankali a banza. Wa ke da irin wannan rubutu in ba hukuma ba?"

Injin da ya buga ta yana nan a bayana, yana ta gurnani. Kalma uku ce za ta raba gardama: ni na buga. Na dubi ɗaliban, na tuna idon dattijon nan. Na dai ce ta je wajen dagaci.

Ta mayar da takardar cikin leda a hankali. Ta ce ita ba ta ja da hukuma, za ta bar musu.

A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ya sa ka gama da duniya lafiya."

Na ce amin. Da damina ta yi nisa na bi ta hanyar Darki, na ga geron da ƙanen mijinta ya shuka a gonar bakin rafi ya yi kyau ƙwarai. Takin da ta zuba ne.