Hoton da na kai wa Inna

Shekara bakwai ke nan da aka kashe yayana Lawali a hanyar Alela, kuma har yau ban huce ba. Mutum biyu suka tare shi da hantsi, yana dawowa daga ɗaukar hoton suna. Babur suke so. Ya riƙe kan babur ɗin, taurin kai irin nasa, suka sare shi da adda a hannu. Ya ƙi saki, suka sare shi a goshi, suka ƙara. Masu amalanke ne suka tsince shi a bakin hanya, jini ya rufe masa ido ɗaya. Kafin a ɗauke shi, wani marar imani ya zaro waya ya ɗauki hoto.

Lawali mai hoto ne, shagonsa a Ƙonni. Gwanintarsa ita ce ya zare launi daga hoto a kwamfuta, ya bar fari da baƙi, sannan ya ba shi ruwan ƙasa kaɗan, kamar an tsoma shi a shayi. Shi ya koya mini cewa ko bayan an zare launi, kana iya ɗaga ja ya yi haske, ko ka sauke shi ya yi duhu. Da zai ga yadda kowa ke yin wannan yau da yatsa ɗaya, da tsaki zai yi, ya ce duk sun ƙona fuskokin mutane.

Ranar da aka kashe shi, Innarmu tana Badaguishiri wajen jinyar ƙanwarta. Kafin ta iso an rufe shi. Kwana uku ba ta ci komai ba, sai ta ji mata na raɗa cewa hoton yana yawo a wayoyi.

"Ka kawo man shi," ta ce. "In ba ka kawo ba, sai in tai in roƙi na waje su gwada man."

Na buɗe shagonsa, na zauna a kujerarsa. Na sa hoton a kwamfutarsa, na zare launin, na yi ta ɗaga ja har jinin ya saje da fata. Saran goshin na lulluɓe shi da inuwa. Na ba hoton ruwan ƙasa, na fitar da shi a takarda.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta ɗora yatsa daidai inuwar.

"Sau nawa sunka sare shi?"

"Sau guda, Inna."

"Ƙarya kakai," ta ce. "Amma ka iya aikin yayanka."

Ba a kama kowa ba. Shagon ya zama na mai sayar da taya. Inna ta rasu bara, hoton yana ƙarƙashin matashinta, kuma ba ta taɓa neman ganin ɗayan ba.

Ɗayan yana nan cikin kwamfutarsa, da launinsa. 'Yan'uwa sun sha cewa in goge shi, na ƙi. Dole a samu mutum ɗaya a gidanmu da ya san abin da aka yi wa Lawali.