Saƙon Baba daga cikin jirgi

Yau ne karona na farko a sabon jirgin cikin gari mai bi ta ƙarƙashin ƙasa. Ƙofofi na rufe kansu, sanyi na ratsa ƙafa, ba kwandasta mai ihu, ba mai ce wa wani sannu. Kowa ya duƙufa kan wayarsa.

Kusa da ni wani dattijo ne, rigarsa ta sha guga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Yana zaune a bakin kujera, zaman baƙon da ba a ce ya saki jiki ba. Ina jin tsohon malamin makaranta ne, don ga jan biro a aljihunsa.

Ya kai wayarsa baki, yana naɗar murya a hankali. "Uwata, ga ni a jirgin nan da kika ce ba zan iya shiga ba. Wallahi ko girgiza babu. In kin zo, ni zan kai ki."

Ya aika, ya zuba wa wayar ido. Tasha ta wuce, wata ta wuce. Sai ya miƙo min.

"Ɗana, duba min. 'Yata ce. Ta saurara kuwa?"

Saƙon ya shiga. Sama da shi ga wasu nan jere, duk nasa, ba a buɗe ko ɗaya ba.

"Baba, sabis ne. Ƙarƙashin ƙasa muke."

"Haka ne," in ji shi. "Kuma aiki ya yi mata yawa."

Ya mayar da wayar aljihu, amma bai ɗauke hannunsa daga kanta ba.