Sunan da Malama Take Tsallakewa

Bayan an gama rabon kayan kakata, sai aka turo mini wani akwatin ƙarfe mai tsatsa, aka ce tunda ni ne mai son takarda a gidan, in je in ji da shi. Na ɗaure shi a bayan babur daga Roni har Kazaure ina ta mita, don igiyar ta kwance mini sau biyu a hanya. Da na isa na tura shi ƙarƙashin gado, ban ko buɗe ba.

Ita ce ta haifi mahaifiyata. Mu jikoki Inna muke ce mata, ni kuwa har ta koma ga Allah tana kirana maigidan da ba ya cefane. In na je gaishe ta, kafin in zauna ta dama mini fura tana zagina, wai na zo in cinye mata gida. Mutanen gari Malama suke ce mata, saboda ta yi shekaru tana koyarwa a firamare, daga wajen Gwiwa zuwa Babura, kafin ta dawo Roni ta huta. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne Umma, mahaifiyata, ita ma Malama take ce mata, kamar kowace tsohuwar ɗaliba.

Umma ce 'yarta ta fari. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Gidan su Inna Fulani ne, abin ya fi tsanani a can. Ga shi kuma sunan uwar mijin Inna aka sa wa Umma, sunan da suruka ba ta furtawa ko da wasa. Da aka yaye ta, kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta riƙo, kamar yadda aka saba.

Ran sadakar uku, bayan mutane sun ragu, na tarar da Umma ita kaɗai tana jera kwanukan da aka wanke. Tun ranar rasuwar ban ga hawayenta ba. Ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Ni dai har aka rufe matar nan ban sani ba ko ta taɓa sona."

Na ce, "Haba Umma, ai kunya ce."

Ta ce, "Kai za ka koya mini kunya? A ciki na girma. Amma wadda take kunyarka kana gani a idonta. Ni ban taɓa gani ba."

Maganar ta tsaya mini a rai. Mace ta haura sittin, ga jikoki, amma tana ɗauke da wannan tambayar, kuma wadda za ta amsa mata ta tafi.

Sai da damina ta faɗi, ɗakina ya fara yoyo, na jawo akwatin don kada ya jiƙe. A ciki akwai takardun shaidarta, da tsofaffin littattafan shirya darasi, da wani littafin rubutu mai shuɗin bango, irin mai jadawalin sau a baya. Na ɗauka shi ma na darasi ne. Ashe a ciki take rubuta abin da ya faru da ita kowace rana, a shekarunta na farko a wata makarantar ƙauye kusa da Gwiwa, inda aka tura kakana aikin malamin gona. Ba ta damu da kwanan wata ba, ranar mako kawai take sawa, wani lokaci ma ba ta sawa.

Da farko dariya na riƙa yi, don muryarta ce sak. "Litinin. An yi ruwa jiya, kowa ya tafi shuka. Yara tara suka zo, mun yi ƙirga da karan dawa." A wani wurin: "Ranar kasuwa. Hedimasta ya ce in riƙe su har azahar. Bencina dai na riƙe." Ta ba da labarin wani dattijo da ya tsaya a taga yana kallonta tana rubutu a allo, da ta fito ya tambaye ta cikin ladabi ko mijinta ya san tana wannan aikin. Ta rubuta yadda take fasa tsohon batir ta shafe allo da baƙinsa, hannunta ya kwana biyu bai fita ba, da yadda 'ya'yan makiyaya suke ɓacewa in shanu sun tashi, su dawo bayan watanni sun manta rabin baƙaƙe. Ban taɓa tunanin Inna tana yarinya ba sai a shafukan nan. Ni da tsufanta na san ta, sai ga ta tana tsoron hedimasta, tana jin haushin takalminta da ya tsinke a laka.

Can wajen tsakiya na ci karo da wannan: "An kawo yarinyar daga Roni, ta isa shiga makaranta. Ta yi tsawo. Kitson da aka yi mata ya ja mata goshi. Ban ce komai ba."

Daga nan dariyata ta tsaya. Ajin 'yan shekarar farko ɗaya ne a makarantar, kuma Inna ce malamarsa. Kowace safiya aikinta na farko shi ne ta buɗe rajista ta kira sunan kowane yaro, ya amsa, ta sa masa alama. Hedimasta ya tausaya mata ya rubuta sunan da hannunsa, amma kiran ba wanda zai yi mata. Sai ta samo dabara. In ta zo kan layin, ta huɗu a jerin mata, sai ta ɗaga kai ta ga yarinyar tana nan, ta sa alama, ta wuce na gaba. Kowa a ajin yana jin sunansa a bakin Malama, ban da mutum ɗaya.

Ko a cikin littafin da ba mai karantawa sai ita, ba ta rubuta sunan ba. Yarinyar kawai take cewa. Amma daga ranar da aka kawo ta, da wuya ka juya shafi ba ka same ta ba. Yarinyar ta iya baƙaƙe kafin kowa. Yarinyar tana tari, na ba matar hedimasta zuma ta ba ta kamar daga wajenta. Yarinyar ta ɗaga hannu yau har sau uku, na kira wata.

Sai kuma shafin da ya sa na rufe littafin na tashi tsaye. "Na duba takardun jarrabawa sau uku. Ita ce ta ɗaya. In na rubuta haka za a ce malama ta ba 'yarta, kuma za a ce ba ni da kunya. Na rage mata maki biyu a rubutu, ta koma ta biyu. Rubutunta ba shi da aibi. Allah ya yafe mini."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma na fi jin haushin zaluncin da aka yi cikin ladabi. Na yi ta zagaye ɗaki ina cewa, "Inna, ke ma dai! Don bakin mutane?" Matar da take ɓoye mini nama a ƙarƙashin tuwo, ita ce ta zauna da jan biro ta ƙwace wa 'yar shekara shida abin da ta samu da guminta. Sai da na kwana biyu kafin na sake buɗewa.

Shafuka kaɗan a gaba, mai duba makarantu ya zo ba sanarwa. Ya tsaya kusa da teburinta ya ce ta kira rajista, yana bin layi da bakin alƙalaminsa. Da ta yi abin da ta saba, sai ya ƙwanƙwasa takardar ya ce ta tsallake ɗaya. Hedimasta ya matso zai yi bayani, mutumin ya ce shi aikinsa ya ji an kira kowane suna an amsa.

"Na faɗa," in ji ta. "Muryar ta fita kamar ba tawa ba. Yarinyar ta zuba mini ido, ba ta amsa ba. Na jira, ba ta amsa ba. Hedimasta ya nuna ta ya ce ga ta can, aka wuce. Tun da na haife ta ban kira ta ba, yau na kira ta yi shiru. Ban ga laifinta ba. Ina ganin ta riga ta fitar da ni daga ranta. Ba zan ƙara matsa mata ba."

Na daɗe ina shawara da kaina ko in kai wa Umma littafin. A ciki akwai amsar da take nema, amma akwai maki biyun nan, kuma ban san wanne zai fi nauyi a wajenta ba. Matata ta ce mini littafin ba nawa ba ne balle in zaɓar mata abin da za ta ji. Na ji haushin maganar, don gaskiya ce.

Bayan an cire amfanin gona na je Roni ran wata Asabar. Na same ta bayan la'asar a tsakar gida, ta baje tabarma tana ɓarar gyaɗa a faranti. Idonta ya yi rauni, ba ta iya karanta ƙananan rubutu, don haka na ce ni zan karanta mata.

Ta ce, "Littafin Malama? To, karanta mu ji. Hala lissafin alli ne."

Ta yi dariya a wurin dattijon taga, ta ce ta san shi, har ta faɗi unguwarsu. Da na zo wurin kitso sai hannunta ya rage sauri. Wurin zuma kuwa ta ce, "Ashe ita ce." Da na hango shafin jarrabawa sai na haɗa shi da na gaba na juya.

Ta ce, "Biyu ka juya. Ido ne ba ni da shi, kunnena lafiya lau."

Na koma na karanta. Na zaci za ta fashe da faɗa, sai ta yi wani ɗan murmushi mai ɗaci. Ta ce, "Wannan ai na sani tun a lokacin. Na san abin da na rubuta, na san abin da ta kusa da ni ta rubuta. Ban dai san ta nemi gafara ba. Ci gaba."

Na karanta zuwan mai duba makarantu har ƙarshe. Kafin in gama ta ajiye gyaɗar da ke hannunta.

"Haka ta rubuta? Wai na fitar da ita daga raina?"

Na ce, "Haka ta rubuta, Umma."

Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗar da ke zaninta. Sannan ta ce, "Na ji ta. Wallahi na ji ta sarai. Har yau ina tuna ɗankwalin da ke kanta ranar. Kullum ina zaune ina kallo. In ta kira yaro bai amsa ba, sai ta sake kira, wani ma har sau uku. Shi ya sa na yi shiru. So nake ta sake faɗa."

Tausayinsu su biyun ya kama ni, har na rasa wa zan fi tausaya wa. Fiye da shekara hamsin suna gaisawa, suna zuwa wa juna biki da jaje, kowacce tana ganin ɗayar ce ta rufe ƙofa. A ranar na ga hawayen da ban gani ba a wajen makoki, tana share su da bayan hannu saboda tafin duk ƙurar gyaɗa ce.

Da ta ɗan natsu ta tambaye ni, "A wurin, ta rubuta sunan?"

Na sake dubawa, ko da yake na san amsar. Na ce, "A'a, Umma. Cewa kawai ta yi ta faɗa."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To. Ai ta faɗa." Ta ture farantin gefe, ta gyara zama ta matso kusa da ni. "Koma baya kaɗan. Karanta mini daga inda ya ce ta tsallake ɗaya."