Tokar da Inna Ta Lasa

Inna ba ta yarda da toka sai ta ɗanɗana. Tun ina yarinya nake ganinta a bakin matoya, wurin da muke gasa tukwane a bayan gida, ta dangwali toka ta kai harshe, ta yi shiru kamar mai sauraron wani. Takan ce tokar kashin shanu da ƙaiƙayi lami ce, a jikin tukunya take kwanciya, a hure ta tashi. Mai kaifi kuwa, mai cizon harshe, in wuta ta yi ƙarfi narkewa take ta zama danƙo. Ni dariya nake yi. A ganina toka toka ce, kuma taurin kai da shi aka haife ni.

A shekarar fari ta biyu idon Inna ya riga ya tafi, ginin tukwane ya dawo hannuna. Ba mai sayen randa, ba mai sayen tulu. Abin da ake zuwa nema kawai shi ne tukwanen da ake kifawa a kan ramin kabari kafin a tura ƙasa. Har daga Rimin Gado ake zuwa, kuma masu zuwan ba sa ciniki.

Wata rana Inna ta ce in kwaɓa mata yumɓu. Da lalube ta gina manyan tukwane uku, kwana tara tana yi tana hutawa. Da ta gama ta goge hannu a zani ta ce, "Waɗannan nawa ne. Ki gasa min su da hannunki, kada a rufe ni da na aro."

Na ce, "To, Inna." Amma ba abin da zan gasa su da shi. Kara dabbobi sun cinye, har na dangar gida. Shanun da za su yi kashi an sayar ko sun mutu.

Abin da ya rage shi ne sharar birni. A wajenmu da rani jakuna ke ɗauko ta a mangala, a jibge a gonaki a matsayin taki. Wani maƙwabcinmu yana da tsibi uku da ya rasa amfaninsu, tunda ba ruwa. Daga ciki na kwaso tsumma, roba, fasassun kwalabe, da wata farar shara da daga baya na ji daga rumfunan masu kanwa da gishiri aka share ta. Na ga farin nan da idona. Ban kai harshe ba, ƙyanƙyami ya hana ni.

Da la'asar na cinna wuta. Ban taɓa ganin irinta ba. Harshenta kore ne da rawaya, tana huci, zafinta ya kore ni har gindin katanga. Kaji suka shige akurki tun rana ba ta faɗi ba. Inna daga ɗaki ta ce, "Warin mene ne wannan?" Na ce iska ce ta juyo daga juji.

Washegari da hantsi na je buɗewa. Tun daga nesa na ji ƙara, ƙil, ƙil, a hankali, kamar ana taɓa ƙananan kwanuka a ƙarƙashin ƙasa. Ba kowa a wurin. Na sa sanda in ture tokar, ta ƙi turuwa. Ta narke ta bi jikin tukwanen, ta daskare baƙi-ƙirin da ratsin kore, tana ƙyalli. Duka ukun sun manne gefe da gefe, sun zama abu guda. Na duƙa, sai na ga fuskata a jikinsu, doguwa, ba ido. Matan da suka leƙo ta kan katanga suka yi salati suka koma, ba wadda ta ce min sannu.

Na shiga wurin Inna na ce, "Sun gasu lafiya."

Ta ce, "Miƙo hannunki."

Ta kama yatsana ta lasa. Ƙarar nan tana shigowa har ɗakin.

"Kanwa," ta ce. "Da gishiri. Sun kama juna ko?"

"Sun kama, Inna. Bari in kwaɓa wani yumɓun."

Ta ɗago hannayenta. "Da waɗanne zan sake gini? Kada a fasa min su. A kai su haka."

Ba ta yi min faɗa ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Da ta zage ni da na samu sauƙi.

Bayan kwana goma sha ɗaya ta rasu. Yayana ya ce sai da aka haƙa ramin daidai da tukwanen, tunda su ba sa rabuwa. Mata ba ma bin gawa, a zaure na tsaya. Makara ta wuce, sai maza huɗu a baya ɗauke da tukwanen, kowa ya kau da kai daga ƙyallin. Ƙarar ta daɗe da dainawa, amma da suka zo daidai da ni na ji ƙil, sau ɗaya.

Ragowar tokar na nan a bakin matoya. Na koma na dangwala na kai harshe. Ta cije ni nan take, ko yaro zai gane.