Saƙon Muryar da Na Tura wa Baba

Akwai abin da ya faru da ni a garin nan na London wanda ko na tsufa ba zai fita raina ba, kuma da bakina na jawo shi.

Ni dai ba wanda ya koya min kwamfuta, da bidiyoyin waya na koya. Da na gano kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya rubutu a ciki kyauta, har da Hausa, sai na zama kamar mai wa'azi. Duk wanda na kama sai ya sha bayani. A haka na kama wani dattijo a library na Woolwich, tsohon mai gadi ne, Kirista daga tsakiyar Najeriya. Baba nake ce masa.

Duk Asabar muke haɗuwa. Yana danna keyboard da yatsa ɗaya, yana rubuta tarihin ƙauyukan yankinsu da rikici ya tashe su: wa ya kafa, ina kasuwa take, wane rafi ake sha. Ina gyara masa, yana min tsiya.

"Ke 'yar London, Hausarki ma sai an yi mata service."

Sharaɗinsa ɗaya ne, kada sunansa ya fito. Da ɓoyayyen suna yake rubutu, don ƙannensa na can gida, kuma akwai waɗanda ba sa son a tuna ƙauyukan nan.

Sai ga maganar dokar kare mutane a intanet. Gidauniyar da ke riƙe da kundin, wadda ba riba take nema ba, ta kai gwamnatin ƙasar nan kotu, tana tsoron za a sa kundin cikin manyan shafukan da za a ɗora wa tantance masu amfani da su. Kanun labarin kawai na karanta a cikin tube, jirginmu na ƙarƙashin ƙasa. Ko sauka ban yi ba na danna saƙon murya: "Baba, ka ji? Za a fara tambayar kowa fasfo kafin ya yi rubutu!" Har da ɗoki a muryata, wai ni ce na fara kawo labari.

Ranar Asabar ya zo, amma bai zauna ba.

"Ɗiyata, cire min kundin nan daga waya."

"Haba Baba, ai an yi challenging a kotu."

"Kotu ba ta san ƙanina ba. Cire."

Na cire.

Bayan kwana biyu na zauna na karanta abin da kyau. Ashe ba haka ba ne. Ba a ce dole kowa ya nuna fasfo ba, ba a ma yanke cewa sharaɗin zai hau kan kundin ba tukuna. Haɗari ne ake hangowa, ni kuma na mai da shi hukunci. Kunya ta hana ni kiransa. Na ce bari in jira shari'ar, idan aka yi nasara sai in kai masa albishir, kuskurena ya bi ruwa. Yanzu idan na tuna, kaina kawai nake karewa.

Aka ɗauki makonni. Kotu ta kori ƙarar, amma alƙalin ya nuna ba a ba kowa damar taka shafin ba, kuma ana iya dawowa kotu. Na yi printing ɗin hukuncin na nufi flat ɗinsa. 'Yarsa ce ta buɗe ƙofa, ta ce min da Turanci yana asibiti, shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi.

Na je asibitin na same shi a kwance. Ya gane ni, idonsa ya nuna. Na ce, "Baba, ni ce na yi kuskure. Ba wanda zai tambaye ka komai. Ka yafe min." Ya matse hannuna da na hagunsa, bakinsa na motsi, kalma ba ta fito ba. Har yau ba ta fito ba.

Ƙauyensu na haihuwa ya bari sai ƙarshe, don ya ce shi ne mai wuyar rubutawa. Bai kai gare shi ba, kuma ba sauran mai sanin labarin kamar shi.

Har yanzu ina son raba abin da na koya, halina ne. Amma ba na tura labari sai na karanta shi har ƙasa, idan kuma na yi kuskure, a ranar nake faɗa, ko da kunya za ta kashe ni.