Muciyar Gwaggo Kulu da Karen Bature

Ku da kuka zauna da Gwaggo Kulu a Tudun Wada kun san ba ta kallon mai gaishe ta. Kana ce mata ina kwana, idonta na kan kaji, hannunta na kan muciya. Muciyar nan ba ta taɓa shiga tukunyar tuwo ba, ta karnuka ce. Ko gidan suna za ta, a hammata take saƙale ta, wai kare ba ya aiko manzo kafin ya zo.

Ni 'yar ƙaninta ce, kuma da aka kawo ni ɗakin miji zana ɗaya ce tsakaninmu, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Lokacin unguwar sabuwa ce, jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Zariya ba, ga karnukan mafarauta da na bariki suna yawo kamar su suka sari garin. Kowace mace ta haƙura da kiwon kaji, ban da Gwaggo.

Da ta ga zana ba ta tare komai, sai ta ɗauki gatari ta nufi dajin wajen Tudun Jukun. Ta yi ta jido ƙaya a ka har ta kewaye bayan ɗakinta da shinge wanda ko ɓera sai ya yi shawara. Wanda shingen ya fara kamawa kuwa mijinta ne, Malam Sule, ya zagaya alwala da sabuwar rigarsa ta Juma'a. Muna jin salatinsa muka fito. Gwaggo ta tsaya tana cire masa ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ba ko sannu. Da ya yi ƙorafi ta ce, "Malam, ka gode Allah. In ta riƙe mai hankali haka, ina ga kare?"

Sai kuma karen Ɓarau maharbi, wani baƙi mai suna Duna, ya gano wata kafa a shingen ya koyi shan ƙwai. Gwaggo ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta huda ƙwai ta tsiyaye, ta ɗura masa dakakken barkono, ta liƙe da ƙullu ta ajiye a bakin kafar. Da hantsi muka ji Duna yana atishawa yana birgima har bakin rijiya. Bayan kwana biyu Ɓarau ya zo yana huci, wai ta lalata masa kare, yanzu ko makwarwa ya gani a daji sai ya ɓuya a bayansa. Ta ce masa shi ya kasa tarbiyyar abinsa ta taya shi, in da kunya goro ya kamata ya riƙo mata.

Amma labarin da har yau nake ba jikokina da alfahari shi ne na karen Bature. Kukun wani Baturen reluwe yakan zo sayen ƙwai, rannan sai ya zo da karen maigidansa, ƙato kamar maraƙi, da abin wuya na fata. Kafin a ce me, ya tsallake shingen ya murƙushe Magajiya, kazar da Gwaggo ta fi so, ga 'yan tsakinta ko fiffike ba su yi ba. Gwaggo ta kora shi da muciya har cikin ɗakin girki ta ja ƙyaure ta tokare da turmi. Kuku ya yi roƙo, ya yi barazana, ya koma yana kuka.

A zamanin nan taɓa kayan Bature ba wasa ba ne, an ɗaure mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Mai unguwa da kansa ya zo ya ce ta saki karen kafin a jawo wa unguwa duka. Malam Sule ya shige ɗaki ya kama lazimi. Ita kuwa ta ce ɓarawon da aka kama da rana ba a sakinsa a ɓoye. Ta ɗaure karen da igiyar guga, ta zuba 'yan tsakin a ƙwarya ta ɗora mini a ka, muka kama hanyar bariki.

Muka tarar da Baturen a baranda. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ake yi, sannan ta zazzage masa magana: ana gaishe shi da zaki, to zaki ba ya kiwon ɓarawo, ga marayu nan karensa ya yi, sai ya san yadda zai rene su. Tafintan Baturen ya faɗa masa kalma biyu kacal da Turanci ya tsaya. Gwaggo ta dube shi.

"Malam, ni na auna maka tiya, kai ka miƙa masa cokali. Ina sauran?"

Baturen ya matsa sai an faɗa masa abin da ta ce. Da ya ji duka, ya yi dariya har ya share ido, ya sa aka ɗaure karen da sarƙa a gabanmu. Washegari ya aiko mata da naɗin ragar waya, irin wadda ba a taɓa gani a unguwar ba. Mutane suka cika gidan kallo. Gwaggo ta ɗaga ta, ta leƙa mu ta cikin ramukan, ta ce shingen da kare zai hango kaza ta cikinsa ai talla ne. A kanta ta yi ta shanya kuɓewa har ta bar duniya.

Muna mata dariya, amma ban taɓa ganin ta yanka kaza don bakinta ba. Duk macen da ta haihu a layinmu, 'yar gari ce ko baƙuwar da ta biyo miji aikin jirgi ba ta da kowa, kafin ta gama wankan farko farfesun Gwaggo ya iso da zafinsa. Ni ma na sha, yawancinku uwayenku sun sha.

Allah ya jiƙan Gwaggo Kulu, ya yafe mata kurakuranta. Yadda ta ciyar da masu jego ba ta jira godiya ba, Allah ya ciyar da ita daga abincin Aljanna. Amin.