Ranar da ta Tsaya a Kwamfutar Yaya

Yayana ne ya fara shigar da shanun gidanmu cikin kwamfuta. Kiwon lafiyar dabbobi ya karanta, da ya dawo gida Durun sai ya yi wa kowace saniya layinta a shafin lissafi: ranar haihuwarta, shekarunta, ranar da aka barbare ta, da kwanakin da suka rage ta haihu. A saman shafin akwai gurbi ɗaya da ya rubuta wa "Yau", daga nan duk sauran lissafin yake ɗaukar kwanan wata. Baba yakan yi masa tsiya, ya ce, "Kai da akwatinka, ni da idona, mu ga wanda saniya za ta gaskata."

Yaya ya rasu cikin damina, zazzaɓi ne na ƴan kwanaki. Tun daga nan idon Baba ya rage gani, ko kuma son dubawa ne ya ragu, ban sani ba.

Shanun suna wajen kawunmu a gefen Getso, kuma al'adar gidanmu ce a dawo da mai ciki gida kafin ta haihu. Akwai wata ja da Yaya ya raina tun tana maraƙa. Bayan an daɗe da share makoki, Baba ya ce da ni, "Ƴar boko, tambayi akwatin nan, yaushe za a je a taho da jar?"

Na buɗe. Shafin ya ce saura wata uku. Na san ba haka ba ne, don wata ukun nan Yaya da bakinsa ya faɗe su yana da rai. Na goge wata saniya da aka sayar, jimillar ba ta motsa ba. Na duba ko alamar daidai ta faɗi daga gaban fomular, tana nan. Na duba ko an mayar da gurbin na rubutu maimakon na lamba, kamar yadda aka koya mana a makaranta, ba haka ba ne. Sai idona ya kai sama. "Yau" tana nuna Larabar da ya kwanta ciwo. A cikin shafin nan har yanzu ana ruwa, gero bai fitar da kai ba, Yaya ya tashi ne kawai ya je ya sha magani.

Na ɗauki kwamfutar na kai wa wani mai shago a Gwarzo. Ya ɗan latsa nan da can, ya yi dariya.

"Malama, lafiyarta ƙalau, ta fi ni lafiya. Mai ita ne ya cire ta daga atomatik, ya ce kada ta yi lissafi sai ya umarce ta, ko wajen adanawa ma kada ta yi. Tsohuwa ce, in ba haka ba sai ta yi ta nishi. Mai wayo ne, ki gaishe shi."

Na ce ya rasu. Ya cire hannunsa daga kan maɓallan, ya yi masa addu'a.

Daga baya ya nuna mini maɓallin F9, mai sa ta sake lissafi. Yana dannawa, Larabar ta ɓace, damina ta ɓace, shanu duka suka tsufa a gabana, wata ukun jar suka koma ƴan kwanaki. Ban san na yi ƙara ba sai da ya ce, "Kwantar da hankalinki. In kika rufe ba ki adana ba, za ta koma yadda take. Ko in mayar miki da ita atomatik ki huta?"

Ya nuna mini inda ake yi, na ce a'a. Ya ce to ya kwafa mini tsohon a gefe. Ya kwafa, amma ban taɓa jin cewa kwafin nan na Yaya ne ba.

Washegari aka tafi Getso aka taho da jar. Ni kuma na kama wata ɗabi'a: in buɗe, in danna, in karanta wa Baba, in rufe. Kwamfutar ta tambaye ni ko a adana, in ce a'a, Larabar ta dawo. Inna ta lura, sai ta daina shigowa ɗakin idan na buɗe.

Jar ta haihu da hantsi, bayan an gama yankan dawa. Mace ce, mai farin goshi. Baba ya zo bakin ƙofa da danshi a hannun rigarsa.

"An rubuta ta?"

"Tukuna, Baba."

"Rubuta ta. Shi da ba ya barin maraƙi ya kwana ba a rubuce ba."

Na buɗe mata layi a ƙarƙashin uwarta. Gurbin shekarunta ya tsaya ba komai, domin a Larabar da shafin yake zaune ba a haife ta ba. Na daɗe ina kallon gurbin. Sannan na shiga inda mai shagon ya nuna mini, na mayar da lissafin atomatik, na adana.

Baba bai matsa ba. Ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce yau Asabar."

Ya gyaɗa kai, ya koma wajen garke.